Abin da ƙafa ta uku ta batirin waya ke faɗa wa wayarka

Duk wanda ya ratsa kasuwannin Ɗambatta, Bichi ko Makoɗa ranar da suke ci ya san rumfar mai cajin waya: rufin kwano, ɗan janareta ko faifan sola, wayoyi jere bisa tebur kamar an shanya barkono. A ƙauyukan da ke tsakanin waɗannan garuruwa, inda gona ke manne da gona, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, wannan rumfa ce ke riƙe da cinikin manomi da dillalin hatsi. Akasarin batiran da ke kan teburin daga birni suka fito, daga Farm Centre da makamantanta, don haka ɗan kasuwar Kano yana da hannu a cikin abin da ke faruwa a can.

Idan ka cire batirin ƙaramar waya ka duba bakinsa, za ka ga ƙafafu uku na ƙarfe, wani lokaci huɗu. Biyu daga cikinsu su ne hanyar wuta. Ta ukun ba ta ɗaukar caji ko kaɗan. Aikinta kai rahoto ne ga wata ƙwayar na'ura da ke cikin wayar, wadda masu gyara ke kira ai-si. Ita ce ke lissafin wutar da ta shiga da wadda ta fita, ta rubuta maka kashi 80 ko kashi 15 a fuskar waya.

A batira da yawa, bayan wannan ƙafa akwai wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba, sunansa tamista. Yana tare wuta gwargwadon zafin da yake ji: da sanyi ya tare da yawa, da zafi ya sassauta. Irin wanda aka fi amfani da shi yana nuna om 10,000 a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas. A digiri 45 ya sauko kusan rabin haka, a sifili kuma ya haura kusan ninki uku. Ai-si tana tura 'yar wuta ta wannan layi, ta auna abin da ya rage. In babu batir, layin a yanke yake, awon ya tsaya a sama. Da zarar an saka batir sai tamista ya janyo shi ƙasa, wayar ta gane batir ya shigo, ta auna ƙarfinsa kafin ya fara aiki don ta san inda za ta soma ƙidaya. Layi guda ke nan yana amsa tambayoyi biyu: akwai batir, kuma yaya zafinsa? Tsofaffin batiran Nokia irin BL-5C sun ɗan bambanta, domin ƙafarsu ta tsakiya tana bayyana nau'in batirin ne.

Daga nan ake gane wani abin ban dariya da masu caji ke yawan gani. A tsakiyar Afrilu, rana na dukan kwano, sai waya ta ƙi caji tana cewa batirinta ya yi sanyi da yawa. Ba aljanu ba ne. Ƙurar hunturu ko tsatsar gumi ta toshe ƙafar, ko kuma ta lanƙwashe, layin ya yanke, ai-si kuwa yankakken layi da tsananin sanyi duk ɗaya take ganinsu. Gogewa da ɗan burushi da miƙe ƙafar sau da yawa sun isa.

Matsalar tana zuwa ne idan mai gyara ya bi gajeriyar hanya, ya liƙa rezista mai tsayayyen awo a gurbin tamista. Wayar za ta karɓi caji nan take, mai ita ya biya ya tafi da murna. Amma daga ranar wayar ta kurumce: ko batirin ya kai digiri 60, ita 25 take karantawa. Batiran jabu da dama haka ake haɗo su tun daga masana'anta, don rezista ta fi arha. Ita kuwa cajar nan mai haƙora biyu da ake matse batir a cikinta ba ta taɓa ƙafar ta uku sam.

Batirin litiyam an tsara a yi masa caji ne tsakanin sifili da digiri 45. A 2007 ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan, JEITA, ta fitar da ƙa'idar da ke cewa a rage ƙarfin caji idan an wuce 45, a tsayar da shi a 60. A arewacin Kano iska kanta tana haura 40 da bazara, kafin a ƙara zafin kwano da na cajin kansa. Sakamakon shi ne batir mai kumbura har ya ɗaga murfin waya, ya mutu cikin watanni, a wasu lokuta ya kama da wuta a rumfar da galan ɗin fetur ke gefe.

Mai saye da yawa yana iya gwada kayansa da mitar awon lantarki. Ya ɗora ta tsakanin ƙafar ta uku da ƙafar da ke da alamar ragi, ya karanta, sannan ya dunƙule batirin a tafin hannu na 'yan mintuna. In akwai tamista na gaskiya lambar za ta canza a hankali. In ta tsaya cak a batirin da ya kamata a ce yana da shi, to rezista ce aka sa, kuma kwalin duka ya cancanci a mayar wa dila.