Wasan Saiti Mai Inji na Kan Tebur: Sassansa da Yadda Yake Aiki

Wasan saiti mai inji ƙaramar na'ura ce da ake ɗorawa a kan tebur ko tabarma, tana motsa wasu abubuwa kamar agwagin roba, kifaye ko faifai, shi kuma mai wasa yana ƙoƙarin harbo su, ko ƙwala musu guduma, ko kamo su kafin su kuɓuce masa. A birnin Katsina an fi ganin irinsa wurin masu kayan wasan yara na Babbar Kasuwa da 'yan tebur na bakin titi, musamman a kwanakin Sallah, lokacin da kuɗin barka da Sallah yake hannun yara. Faifan kamun kifi mai batir yana cikin waɗanda aka fi sani, sai allon harbi mai zuwa da bindigar roba. Akasarinsu daga ƙasar Sin ake shigo da su, inda gundumar Chenghai ta birnin Shantou ta yi suna wajen ƙera kayan wasa na roba. Siffofinsu sun bambanta, amma in an kwance su cikinsu kusan ɗaya ne: injin da ke juyawa, giyoyin da ke rage masa gudu, dabarar da ke mayar da juyi ya zama motsi, abin harbi, da hanyar ƙirga ci.

Asalinsa

Gwada saiti ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Yara sun daɗe suna jera gwangwanaye a kan katanga suna harbi da danƙo, kamar yadda maharba suke gwada hannu da kwari da baka. Sai dai gwangwani a tsaye yake, da zarar hannu ya saba shi ke nan daɗin wasa ya ragu. Abin da inji ya ƙara shi ne motsi.

Dabarun motsin sun girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. A ƙarni na 9 'yan'uwan nan uku na Bagadaza, Banu Musa, sun bayyana na'urori kimanin 100 a littafinsu na dabaru, sannan a 1206 al-Jazari ya kammala nasa littafin, mai ɗauke da mutum-mutumai masu motsi da ƙarfin ruwa. A 1821 Michael Faraday ya nuna a Ingila cewa lantarki da maganaɗisu suna iya haifar da juyi. Rumfunan harbi masu jerin agwagi sun yaɗu a wuraren bukukuwa na Ingila da Amurka, har a 1936 kamfanin Seeburg ya fitar da Ray-O-Lite, inda ake harbin agwagwa mai tafiya da hasken fitila a maimakon harsashi. A 1975 kamfanin TOGO na Japan ya fito da wasan da wasu 'yan dabbobi suke leƙowa daga ramuka ana ƙwala musu guduma. Duk waɗannan manya ne, na zaure. Abin da ya sauko da su kan tebur shi ne arahar ƙananan injuna, irin waɗanda kamfanin Mabuchi na Japan, wanda aka kafa a 1954, ya shahara da yi wa masu kayan wasa.

Rota da batir

Zuciyar wasan ita ce ƙaramin injin lantarki da masu gyaran rediyo da yara suke kira rota. A jikin gwangwaninta akwai maganaɗisu biyu, a tsakiya kuma sanda ce mai ɗauke da ƙullin waya guda uku na jan ƙarfe. Wasu siraran ƙarafa biyu suna gogar gindin sandar suna ba ta wuta. Idan wuta ta shiga ƙullin waya sai ya zama maganaɗisu, na jikin gwangwani su ja shi ta nan su tura shi ta can, sanda ta juya. Kowane juyi yana sauya ƙullin da ke samun wuta, shi ya sa ba ta tsayawa. In aka juya kan batir, ita ma sai ta koma juyawa ta ɗaya ɓangaren.

Ƙaramin batir na rimot ko na tocila ƙarfinsa bolt 1.5 ne, biyu a jere su ba da bolt 3. Da wannan wuta rotar kayan wasa tana iya haura juyi 10,000 a minti ɗaya idan ba ta ɗauke da komai. Ga gudu kamar walƙiya, amma ba ƙarfi: yatsu biyu sun isa su tsayar da ita. Wasan kuwa akasin haka yake so, wato tafiya a hankali da ƙarfin jan kaya. Kusan duk aikin maƙeri a kan wannan musanya yake.

Giyoyi

Idan giya mai haƙora 10 tana juya mai haƙora 50, sai ƙaramar ta zagaya sau biyar kafin babbar ta zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu kashi biyar, ƙarfin murɗawa ya ƙaru kusan ninki biyar, in an cire ɗan abin da gogayya ta ci. Mai keke ya san wannan a ƙafarsa idan ya zo hawa tudu.

Akwai kuma giya mai siffar sukuru, wadda ake cusawa a bakin sandar rota. Duk juyinta ɗaya haƙori ɗaya kacal take turawa. A ɗauki misalin rota mai juyi 12,000 a minti. In sukurun ya haɗu da giya mai haƙora 40, juyi ya sauko 300. In aka bi da mai 10 a kan mai 50, ya koma 60. In aka sake bi da mai 10 a kan zoben haƙora 60 da ke ƙarƙashin faifai, ya zama 10 a minti, wato faifan yana kammala zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 6. Rota ta juya sau 1,200 kafin faifai ya juya sau ɗaya.

Giyar sukuru tana da wani hali: tana juya abokiyarta, amma galibi abokiyar ba ta iya juya ta. Saboda haka yaron da ya kama faifai ya murɗa da ƙarfi, haƙoran roba ne za su kakkarye. Ƙira mai kyau takan sa wani mahaɗi mai sifirin a tsakani, wanda yake zamewa yana ƙas-ƙas idan ƙarfi ya yi yawa. Bel ɗin roba ma yana wannan aiki, kamar na injin markaɗe: ba ya ƙara sosai, in kaya sun yi nauyi kuma sai ya sulluɓe a maimakon wani abu ya karye. Aibinsa shi ne yana saki idan ya tsufa.

Mayar da juyi motsi

Hanyoyi huɗu aka fi bi. Ta farko faifai ne mai zagayawa da abubuwan harbi a bakinsa. Ta biyu bel ne ko sarƙa da aka ɗaura tsakanin ƙafafu biyu, agwagi suna bin juna a jere, su nutse a wannan gefe su ɓullo a wancan. Ta uku kai-da-komo ce: a kafa ƙusa a gefen faifai, a haɗa ta da sanda, sai sandar ta riƙa zuwa tana dawowa. Wannan ce take juya kan fankar tebur hagu da dama, ita ce kuma a ƙafar keken ɗinki, sai dai a can taka feda ne yake haifar da juyi. Ta huɗu ita ce kam, wato faifai mai ƙusumbi, irin wanda ke buɗe bawul a injin babur. Ƙusumbin yana zuwa ya ɗaga abu, yana wucewa nauyi ko sifirin ya mayar da shi.

Faifan kamun kifi ya haɗa ta farko da ta huɗu cikin tsimi. Faifan sama yana da ramuka, kowane rami da kifinsa a zaune sakwa-sakwa. Ƙasan akwatin ba ya motsi, amma an yi masa 'yan tuddai masu gangara a kan hanyar da kifayen suke bi. Faifai yana juyawa, gindin kifi ya hau tudu, kifin ya ɗago ya wangale baki. Yana sauka ya rufe. Mai wasa yana da wannan ɗan taƙi ne kawai ya zura ƙugiya, a wasu samfurorin kuma maganaɗisu ne yake kama ɗan ƙarfen da ke cikin bakin. Rota ɗaya ce take motsa kifaye 15 ko 21, ba waya ko ɗaya a jikinsu. Tsawon tudun shi ke yanke daɗewar baki a buɗe, tsayinsa kuma shi ke yanke faɗin buɗewar.

Abin harbi

Agwagwar allon harbi tana tsaye ne a kan hinji. Dole ta jure girgizar inji ba ta faɗi ba, kuma dole ta faɗi da an same ta. Maƙera sukan karkatar da ita gaba kaɗan ta jingina da wani ɗan tokari, yadda nauyinta zai rinjaya gaban hinjin. Harsashin soso yana tura ta, nauyi ya koma baya, ta kife da kanta. Wasu suna riƙe ta da ɗan maganaɗisu. In riƙon ya yi ƙarfi, mai wasa zai same ta ta ƙi faɗuwa, ya ce an cuce shi. In ya yi rauni, bugun tebur kaɗai ya zubar da su duka. Wajen tayar da waɗanda suka faɗi kuwa, ana sa lanƙwasasshiyar waya a ƙarshen layi, agwagwa tana bi ta kanta tana miƙewa, ta dawo fili a tsaye.

Wahalar wasa lissafi ce. Abu mai faɗin santimita 4 da ke tafiyar santimita 10 a daƙiƙa yana wuce wuri ɗaya cikin kashi huɗu bisa goma na daƙiƙa. Tsakanin ganin ido da motsin yatsa kuwa, mutum yakan ci kusan rubu'in daƙiƙa, ban da lokacin da harsashi zai yi a hanya. Shi ya sa gwani ba ya auna inda agwagwa take, yana auna inda za ta je, kamar maharbin tsuntsu. In gudu ya wuce kima, wasa ya tashi daga gwaninta ya koma sa'a. In kuma motsi ya cika maimaita kansa, yaro zai haddace shi cikin yini ɗaya. Maganin wannan shi ne a bambanta giyoyin layuka. Idan layin gaba yana zagayowa duk daƙiƙa 5, na baya duk daƙiƙa 7, ba za su sake haɗuwa a tsari ɗaya ba sai bayan daƙiƙa 35.

Abin harbawa da ƙirga ci

Yawancin bindigogin wasan da sifirin suke aiki: a ja shi baya ya maƙale, kunama ta sake shi, ya tura iska ko sanda, harsashi ya fita. Irin wannan maharbi mai sifirin ne Montague Redgrave ya yi wa rajista a Amurka a 1871 don wasan ƙwallayen tebur. Inda ake harba ƙwallo, ana karkatar da daɓen akwatin don ƙwallayen su gangaro wurin mai wasa. Bindigar haske ba ta fitar da komai sai haske, a jikin abin harbin kuma akwai ɗan ido mai gane shi.

Ƙirga mafi sauƙi ita ce a duba kifayen da ke gaban kowa ko agwagin da suka kwanta. Sama da wannan akwai giya mai haƙora masu kwanciya gefe guda, wadda duk faɗuwar agwagwa take matsar da ita haƙori ɗaya ba ta komawa baya, tana jan lamba. Na zamani suna da ɗan makunni a bayan kowane abin harbi, yana aika saƙo ga allon lamba da ƙararrawa.

Yanayin Katsina da gyara

Ƙurar hunturu tana shiga akwatin giya ta gauraya da giris ta zama kamar yashi, ta cinye haƙora. Zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana iya lanƙwasa siririn faifan da aka bari a rana har ya riƙa gogar akwati. Batir mai araha da aka manta a ciki yakan yi yoyo ya sa ƙarafan mazauninsa tsatsa. Idan wasa ya ƙi tashi, daga nan ake farawa: a kankare tsatsar, a duba makunni da wayar da ta tsinke a bakin rota. In rota tana kuka faifai ba ya motsi, to giya ta zame daga sanda ko haƙori ya karye. In tana tafiya da ƙyar, a duba zare ko gashi da ya naɗe sanda. Jona rotar bolt 3 kai tsaye da cajar waya mai bolt 5 yana ƙara mata gudu da zafi, yana kuma gajarta kwananta.

Ƙerawa a gida

Yaran da suka saba yin motar langa-langa da ta kara suna da rabin kayan a hannu. Ana ciro rota daga matacciyar rediyo ko tsohuwar motar wasa, a yi akwati da kwali mai kauri ko falle-fallen katako, a yanka ƙafafu daga tsohon silifa, a yi sanduna da wayar ƙafar keke, bel kuma da robar ɗaure kuɗi. Tun da yanka haƙoran giya da hannu yana da wuya, bel hawa biyu ko uku ya fi sauƙi: daga siririyar sandar rota zuwa babbar ƙafa, daga ƙaramar ƙafar da ke manne da ita zuwa wata babbar. Sharaɗi shi ne sanduna su daidaita da juna, ramukansu kada su matse kada su yi faɗi, a kuma sa wa gindin akwati nauyi da ƙafafun roba don kada girgiza ta riƙa tafiya da shi a kan tebur.

Harsashin da ya dace shi ne na soso ko dunƙulen takarda. Ƙananan ƙwayoyin roba masu tauri suna iya lahanta ido, ko da dawowa suka yi daga jikin allo, don haka ake sa ƙyalle a bayan abubuwan harbi ya shanye ƙarfinsu. Ƙananan maganaɗisu da batir mai siffar maɓalli suna da haɗari ƙwarai idan yaro ya haɗiye su, shi ya sa ake rufe mazaunin batir da sukuru, kuma ake rubuta gargaɗi a kwalin irin waɗannan wasanni cewa ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne.