Gashin Kare Daga Cikinsa Ya Ke Fitowa

A ƙasar Daura, daga Sandamu har Zango da Baure, da zarar an gama girbi sai mafarauta su fito da karnukansu. Amma da yawa cikinsu sai a tarar gashi ya zube, fata ta yi furu-furu, ga yawan susa. Masu su su kan ce hunturu ne. Lalle hunturu na busar da fata, amma abinci ma na da nasa laifin. Karen da ba ya samun kome sai ƙanzo da ragowar tuwo, cikinsa ya cika, jikinsa kuwa da yunwa. Gashi ba ya tofowa sai da abinci mai gina jiki, ba ya kuma sheƙi sai da maiƙo.

Gyaran ba shi da tsada. A riƙa haɗa masa tuwo da dafaffen kayan ciki daga wurin mahauta, ko ƙwai, ko busasshen kifi, da cokali guda na man gyaɗa. Kada a ba shi albasa ko gyaɗa mai fumfuna, don guba ne gare shi. In an yi wata biyu ba sauƙi, sai a kai shi wurin malamin dabbobi, watakila ƙazuwa ce ko tsutsar ciki.

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.