Kamun Nono Da Ciwonsa: Nazari Daga Garun Malam

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwanta zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Ana kawar da shinkafa sai a shiga tumatir da albasa da alkama, mata kuwa suna da nasu kaso, daga turara shinkafa a gida har zuwa tsinkar tumatirin da ake kaiwa kasuwar Kwanar Gafan. A cikin wannan hada-hada akwai wata lalura wadda ba kasafai take isa kunnen maza ba, alhali tana iya raba jariri da abincinsa tun kafin a yanka ragon suna, watau ciwon kan nono ga mai jego, da ƙin kama nono ga jariri.

Abin sha'awa shi ne harshen Hausa ya riga ya nuna inda matsalar take. Idan aka haihu, tambayar da tsofaffi kan yi ita ce, "Ya kama nono kuwa?" Kalmar "kama" ita ce daidai, domin jariri ba ya ƙoshi da tsotsar kan nono kawai. Tilas ne ya wage baki sosai, ya haɗa da mafi yawan baƙin da ke kewaye da kan, haɓarsa ta taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje. In ya kama haka, kan nonon yakan shige can cikin bakinsa inda babu abin da zai murje shi. In kuwa tsinin kaɗai ya samu, sai ya riƙa danne shi da dasashi, fatar ta tsage, uwa ta ji kamar ana yanka ta, shi kuma ya sha wuya bai ƙoshi ba. Mafi yawan ciwon kan nono daga nan yake tasowa, ba daga lalacewar ruwan nono ba kamar yadda akan zata.

To, me ke hana kamun ya yi kyau? A nan al'ada tana da hannu. A gidaje da yawa ana ƙyamar dakashi, watau ruwan farko mai kauri da rawaya, har akan jinkirta shayarwa kwana biyu ko uku. Kafin nan nono ya kawo, ya cika ya yi tauri kamar ɗanyen goruba, bakin jariri ya kasa samun abin riƙewa. Dakashin nan kuwa shi ne rigakafin farko da ɗan Adam ke samu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, tun 2001 kuma take ba da shawarar nono zalla har wata 6. Sa'an nan ga cire hakin wuya da wanzami kan yi, wanda ke barin rauni a maƙogwaron da ake so ya haɗiya.

Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda ba a cika lura da ita ba. Yarinyar da ta je wankan gida takan miƙa wa jaririn nono tana kawar da kai, don kada a ce ta yi rashin kunya a gaban iyaye. Kunya ado ce, babu musu, amma kamun nono aiki ne na ido. Wadda ba ta duba bakin ɗanta ba, ba za ta san yadda ya kama ba, in ta ji zafi kuma sai ta cije. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ashe ungozoma da kaka su ne ya kamata su zauna kusa, su gyara mata riƙo, cikin jaririn ya fuskanci cikinta.

Haɗarin yana ga abin da ke biyowa baya. Uwar da zafi ya isa, ga aiki na jiranta, takan rage shayarwa, a koma ga madarar shanu ko ruwan da ba a tafasa ba, daga nan sai gudawa.

Gyaran ba shi da tsada. In nono ya yi tauri, a tatse kaɗan da hannu har kewayen kan ya yi laushi. In jariri ya kama ba daidai ba, kada a fizge. A zura ƙaramin yatsa mai tsabta ta gefen bakinsa ya saki, a sake sa shi. Bayan ya sha a shafa ɗigon nono a tsagar, a bar ta ta sha iska, a kuma rage goga sabulu a wurin lokacin wankan jego. Idan aka gyara riƙo amma zafin bai ragu ba, a sa ma'aikacin lafiya ya duba ƙarƙashin harshen jaririn, domin wani akan haife shi da fatar da ke ɗaure harshen. Nonon da ya kumbura ya yi zafi, ga zazzaɓi da makyarkyata, wannan na asibiti ne a ranar, kuma ba a dakatar da shayarwa saboda shi.