Barnabas a Kan Takarda: Yadda Wasan Ban Tsoro Ya Koma Littafin Zane

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja, ko a cikin birni ko a ƙauyukan masunta da ke bin gaɓar kogi har zuwa fadamun Nguru, ya san hikayar ban tsoro ba baƙuwa ba ce gare mu, domin tun kafin fitilar lantarki ta iso tsofaffi sun riga sun cika kunnuwan yara da labarin maye mai kama kurwa, da mutumin da kan rikiɗa kura idan dare ya tsala, da 'yan ruwa masu jan wanda ya yi wanka a gurbin da aka hana. Turawa ma suna da nasu fannin, wanda suke kira gotik, kuma asalinsa wani littafi ne da Horace Walpole ya wallafa a Ingila a 1764, sa'an nan Frankenstein ya biyo a 1818, Dracula kuma a 1897. Ginshiƙin fannin kuwa shi ne tsohon gida na masu asali, wanda wani kaka ya aikata zunubi a cikinsa ya binne, alhakin kuma ya ƙi kwanciya, yana ta bin zuriya ɗaya bayan ɗaya.

A ranar 27 ga Yuni 1966 gidan talabijin na ABC a Amurka ya fara nuna wani wasa irin wannan mai suna Dark Shadows, wanda Dan Curtis ya ƙirƙira, a kan iyalin Collins da katafaren gidansu na bakin teku a jihar Maine. Da farko wasan bai karɓu ba, har ana shawarar tsayar da shi, sai a watan Afrilu 1967 aka shigo da Barnabas Collins, wanda Jonathan Frid ya fito a matsayinsa: mamaci mai tashi da dare ya sha jinin mutane, wanda wata matsafiya, Angelique, ta la'ance shi a 1795 saboda ya yaudare ta, mahaifinsa kuma ya sa aka ɗaure akwatin gawarsa da sarƙa, har ranar da wani ɓarawo mai neman lu'ulu'u ya kwance ta. Abin da ya ja zukatan jama'a shi ne wannan dodo yana ƙin halinsa, yana nadama, yana neman magani. Da yake da la'asar ake nuna wasan, yara kan sheƙo a guje daga makaranta don kada ya wuce su, haka aka yi ta yi har kashi 1,225, aka rufe a ranar 2 ga Afrilu 1971.

To, a nan ne masu littattafan zane suka shigo, kuma shigowarsu tana da wani sababi da ya cancanci bayani. Tun 1954, bayan wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya yi da'awar cewa irin waɗannan littattafai ne ke lalata tarbiyyar yara, har majalisar dattijan ƙasar ta zauna a kan al'amarin, manyan kamfanoni suka kafa wa kansu hukumar tace littattafai, wadda ta haramta zana masu shan jini da masu rikiɗa da matattu masu tafiya. Kamfanin Gold Key bai taɓa miƙa wuya ga wannan hukuma ba, yana ganin mutuncinsa wajen iyaye ya ishe shi shaida. Saboda haka, lokacin da sauran ke ɗaure da sharaɗin da ba a sassauta ba sai a 1971, shi ya sayi izini ya fitar da Barnabas a kan takarda a 1969, ya ci gaba har fitowa ta 35 a 1976, wato shekara biyar bayan wasan da ya haife shi ya mutu. Mutanen Arewa ba za su ji wannan ƙissa baƙuwa ba, tunda Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, aka kuma ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a 2007, duka biyun bisa hujjar kare tarbiyya.

Amma fa mayar da wasan talabijin littafi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a ganina ya yi kama da aikin malamin da ya ɗauki babban kundi ya yi masa muhtasari domin almajirai: dole ya zubar da abu mai yawa, kuma ƙimar aikinsa tana ga sanin abin da ba ya zubuwa. Wasan yana da sauti, wato kiɗan Robert Cobert da rurin igiyar ruwa da ƙarar ƙofa, alhali takarda bebiya ce. Wasan yana da jinkiri, yana iya shafe mako guda mai kallo na jiran a buɗe ɗaki ɗaya, alhali littafin tilas ya fara labari ya ƙare shi a cikin shafi talatin da 'yan kai. Don haka marubutan Gold Key suka rage jama'ar gidan, suka riƙe Barnabas da Quentin mai rikiɗa kyarkeci da likita Julia Hoffman da 'yan kaɗan, suka mai da Barnabas kusan jarumi mai yaƙar wasu miyagu, mai zane Joe Certa kuma bai cika damuwa da kamanta fuskokin 'yan wasan ba. Hakika an yi asarar nadamar nan mai nauyi wadda ita ce ruhin wasan. Sai dai takarda ta rama ta wani wajen, domin a talabijin kuɗi kaɗan ne, ana ɗauka kusan a tashi ɗaya, har akan ga dutsen kabari yana rawa ko inuwar na'urar ɗaukar magana ta faɗo a bango, amma alƙalami ba ya biyan kuɗin gini, yana iya kai mutum ƙarni uku baya a shafi guda.

Wanda ya fi kusa da gane sirrin abin shi ne Ken Bald, da ya yi ta zana labarin a jaridu daga Maris 1971 zuwa Maris 1972 da sunan K. Bruce, da baƙin tawada, yana barin rabin fuska a cikin duhu domin mai karatu ya cika sauran da nasa waswasin. Bayansa kamfanin Innovation ya gwada a 1992, Dynamite kuma a 2011.

Abin da ya fi kusa da wannan a ƙasarmu shi ne mujallar African Film ta kamfanin Drum, wadda a ƙarshen shekarun 1960 ta riƙa buga labarin ɗan leƙen asiri Lance Spearman da hotuna jere, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa, ta kuma yi farin jini a biranen Najeriya. Ko da yake gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki tun 1962, akwatin kallo ya daɗe yana hannun tsiraru, alhali takarda kan hau jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ta sauka a Malam Maduri, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta yage.

Kayan ginin hikayar gotik kuwa, Haɗeja tana da su fiye da jihar Maine: ga ragowar ganuwa, ga tarihin Sarki Buhari, wanda Sakkwato ta tuɓe ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo ya ƙwace sarauta da takobi ya riƙe har ya rasu a fagen yaƙi a 1863, ga kuma ranar Afrilu 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun sojan Turawa. Sai dai mai zanen da zai taɓa wannan fanni a nan yana da wani nauyi da Certa bai ɗauka ba. Ba wani Ba'amurke da ya rufe littafin Barnabas ya tafi yana zargin maƙwabcinsa da shan jini. Mu kuwa har yau ana jifan tsofaffin mata da ƙazafin maita, ana ƙaurace wa zuriyarsu wajen aure, wani lokaci ma har a kai ga duka da zuwa gaban alƙali. Wanda ya zana mayya da kamannin tsohuwa matalauciya ta bakin kasuwa ya ƙara wa ƙazafin ƙarfi, ko da bai nufa ba, domin yaron da ya ga hoton gobe zai gamu da mai irin fuskar a hanyar makaranta.