Iguwanar Jamaika: Ƙadangaren da ya sake bayyana bayan an fidda rai da shi

A shekarar 1990, karen wani mafaraucin aladun daji ya cafko wani ƙaton ƙadangare a tsaunukan Hellshire da ke kudancin Jamaika. Da aka kai shi gidan namun daji na Hope a Kingston, babban birnin ƙasar, masana suka tabbatar cewa iguwanar Jamaika ce, dabbar da aka ɗauka ta ƙare tun a shekarun 1940.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa waɗanda suka rage ba su kai 100 ba, kuma duk a wannan daji guda suke.

Wace irin dabba ce?

Masana kimiyya na kiran ta Cyclura collei. Tana cikin dangin iguwanar duwatsu, waɗanda ba a samun su sai a tsibiran yankin Karebiyan. A ido ta yi kama da damo, sai dai ba danginsu ɗaya ba. Damo nama yake ci, ita kuwa ganye da furanni da 'ya'yan itatuwa ne abincinta.

Tsawonta yakan wuce mita ɗaya idan aka haɗa da jela, kuma tana da jerin ƙayoyi a gadon bayanta. Babu wata dabbar tudu 'yar asalin Jamaika da ta kai ta girma.

Dajin ma yana amfana da ita. Idan ta ci 'ya'yan itace, takan kasayar da ƙwallayen a wani wuri, su tsiro a can.

A watan Yuni macen ke haƙa rami ta saka ƙwai ta binne. Ɗumin ƙasa ne ke ƙyanƙyashe su bayan kusan wata uku, kuma 'ya'yan ba sa samun wata kulawa daga uwa.

Garin neman gira

A 1872 aka shigo da tunku daga Indiya domin ya kashe ɓerayen da ke ɓarna a gonakin rake. To amma tunku da rana yake farauta, ɓera kuma da dare yake fita. Sai tunkun ya koma wa ƙwai da 'ya'yan iguwana, har ya zama da wuya jariri ya kai ga balaga. Kyanwoyi da karnuka da aladun daji suka ƙara dagula lamarin.

Akwai kuma masu sare itatuwa suna ƙona gawayi, sana'ar da wasu talakawan yankin suka dogara da ita, amma take cinye dajin da dabbar ke fakewa.

Yadda ake ceto ta

Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce a kwashe jarirai da zarar sun fito daga rami, a rene su a gidan namun daji na Hope har su yi girman da tunku ba zai iya da su ba. A 1996 aka fara mayar da su daji, kuma zuwa yanzu an saki ɗaruruwa. Ana kuma ɗana wa tunku tarko a kewayen wuraren da suke saka ƙwai.

A 2013 wata barazanar ta taso, inda aka shirya gina babbar tashar jiragen ruwa a tsibiran Goat da ke dab da Hellshire, wurin da masu kare muhalli ke fatan mayarwa mafakar dabbar. Bayan an kai ruwa rana, gwamnati ta sanar a 2016 cewa ba za a gina ta a can ba.

Duk da haka, har yanzu ƙungiyar kare halittu ta IUCN na lissafa ta cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Muddin tunku na cikin dajin, ranar da aka daina ɗana tarko da reno, za a iya komawa gidan jiya.