Mai sana'ar icce, daji ne uwar kuɗinka

Ƴan'uwa masu saran icce da masu saida shi, da ku masu tuya, masu tsire da masu gidan burodi, yau maganarmu da ku ce. Kowane ɗan kasuwa ya san riba daban, uwar kuɗi daban. A sana'arku reshe shi ne riba, gindi shi ne uwar kuɗi. Wanda ya tumɓuke gindi, baɗi sai amalankensa ya ƙara nisa kafin ya cika.

Ku dubi kwarin Majiya, cikin jihar Tawa. A 1975 aka fara dasa dogon yaro layi-layi don tare iska. Da itatuwan suka girma, sai aka riƙa sare rassan sama ana saidawa, gindi kuwa yana nan, yana sake toho.

A jihar Maraɗi, bayan farin 1984, manoma suka kama sassaben zamani, har ya kai Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo bisa hekta miliyan 5. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba, daga tsofaffin kututture suka fito.

Ga yadda ake yi. In ka tarar da kututturen sabara, ko kalgo, ko geza ya yi toho, ka zaɓi sanda 3 zuwa 5 masu ƙarfi ka bari, ka cire sauran. Ka wasa gatari sosai, ka sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Kowace shekara ka ɗauki sanda guda, ka bar sabuwa ta maye gurbinta. Gawo kuwa, kada ka taɓa shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwar icce tasu: a ƙayyade abin da za a sara a shekara, ƙauye ya samu kasonsa cikin haraji. Wanda ya zarce ƙa'ida, garinsu ya cuta.

Ku masu hura wuta, ku busar da icce kafin ku ƙona, ku rufe tukunya, ku tare wa wuta iska. Murhun Mai Sauƙi bai kai duwatsu uku cin icce ba. Iccen da ya rage, kuɗi ne a aljihunku.

Kafin sassaben bana, ku je ku ga malamin gona na yankinku, ya gwada muku a gonarku.