Idan Hitar Wanka Ta Daina Dumama Ruwa

Da zarar hunturu ya kama, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, masu gyaran wuta a zangunan Kumasi da Tamale sukan sha kira iri ɗaya: an kunna hita, an jira, amma ruwan famfo sai ka ce daga randa ya fito. Sau da yawa maigida yakan biya kuɗin sabon kaya alhali abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba. Ga yadda ake bin diddigin matsalar daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Da farko, a ba ta lokaci. Hita mai cin lita 50 da ƙarfin wat 1,500 tana bukatar kimanin awa 1 da minti 20 kafin ta kai ruwa daga digiri 25 zuwa 60. Wannan kuwa idan wutar ta cika bolt 230 ke nan. In ta sauko zuwa 180, kamar yadda takan yi da maraice a unguwa mai cunkoso, ƙarfin hitar bai fi wat 920 ba, sai ta haura awa 2. Saboda haka, wanda ya kunna minti goma kafin wanka kada ya ga laifin hita.

Na biyu, a duba ko wuta na isa gare ta. Fitilar makunnin da ke bango ta kama? In ba ta kama ba, a leƙa akwatin mita a ga ko bireka ta faɗi ko fiyus ya ƙone. A ɗaga birekar sau ɗaya tak. In ta sake faɗuwa, a ƙyale ta, domin alama ce wuta na zurarewa a ciki, kuma tilasta mata na iya jawo gobara.

Na uku shi ne tamostat, wato abin da ke kashe hita idan ruwa ya yi zafin da aka sa mata. Yawancinsu na da ɗan maɓalli na tsaro wanda ke yanke wuta in zafi ya wuce kima, kuma ba ya komawa sai an danna shi. Yana ƙarƙashin murfin hitar, kusa da wayoyi. Kada a buɗe murfin nan sai an kashe wuta daga akwatin mita, makunnin bango kaɗai bai isa ba. Idan an danna ya sake yankewa bayan kwana biyu, tamostat ɗin ne ya gaji, sai a sake shi.

Na huɗu, elemen, sandar ƙarfen da ke cikin ruwa tana dumama shi. Abu biyu ke kashe ta. Ɗaya, kunna hita babu ruwa a ciki, abin da kan faru a unguwannin da ake yawan ɗauke ruwan famfo. Cikin 'yan mintoci sai ta ƙone. Ɗayan kuma farin dutsen da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke tarawa a jikinta har zafi ya kasa fita. Wannan aikin mai gyara ne. Idan ya auna da mitarsa, elemen mai wat 1,500 mai lafiya za ta nuna wajen om 35, mai wat 2,000 kuwa wajen 26. In mitar ba ta nuna komai ba, ta tsinke. Mai karatu ya nemi a auna a gabansa kafin ya biya.

Akwai kuma ƙaramar hitar nan da ake maƙalawa kusa da shawa, wadda ba ta ajiye ruwa. Ita ba ta kamawa sai ruwa ya zo da ƙarfi. In tankin gida ya yi ƙasa, ko datti ya toshe rariyar bakin bututu ko kan shawa, wuta na nan lafiya lau amma ruwa ya fito da sanyi. Wanke rariyar kawai yakan isa.

Wani lokaci ma laifin na famfo ne. A taɓa bututun da ke fita daga hita. In yana da zafi amma ruwan shawa sanyi, to famfon da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi ne ya lalace, mai gyaran famfo za a kira.

Rigakafi dai ya fi magani. Bayan an ɗauke ruwa, a buɗe famfon zafi har sai iska ta gama fita, ruwa ya zubo sosai, sannan a kunna. A bar tamostat a digiri 60, domin ƙasa da haka ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a tanki. Kada a toshe bawul ɗin tsaro don yana ɗiga, aikinsa ke nan. Wanda kuwa ya taɓa famfo ya ji wuta ta ɗan ja shi, ya kashe hitar nan take, ya hana yara shiga bayi, har sai ƙwararre ya duba wayar da ke kai wuta ƙasa. Jiƙaƙƙen jiki ba ya wasa da lantarki.